Batir Mai Jan Fenti

Ana kiran sallar la'asar ranar Litinin rahoto ya iso ofishin 'yan sanda a Yendi: an ga gawa a bakin hanyar Gushegu, kusa da wata motar doya.

Motar ofis ta fita tun safe. Sufeto Mutawakil ya nufi tasa tsohuwar, wadda kullum yake ajiyewa a kan gangare saboda batirinta ya gaji. Ya saki birki, ta gangara, ya ɗaga ƙafa daga kuloci, ta yi tari sau biyu ta tashi. Kofur Anisatu, wadda ke aiki a ƙarƙashinsa, ta faɗa ciki tana jan ƙofa.

"Massa, wata rana motar nan za ta kunyata mu."

"Ta daɗe da yi. Ba kya nan ne kawai."

Wurin babu gida kusa, babu ko sabis na waya. Ƙaramar motar kaya ce cike da doya, tana tsaye a gefen titi. Mamacin yana kwance cikin ciyawa daf da bayanta, wani mai wucewa ya rufe masa fuska da buhu. Bai kai shekara talatin ba. Lasisinsa yana aljihu: Fadlullah Zibrim, daga Salaga. Takardar kayan ta nuna Bawku za shi.

"Ɓarayin batir ne," in ji Anisatu, tana nuna akwatin batir a gefen motar. Babu komai a ciki. "Ya hana su, suka kashe shi."

Mutawakil ya durƙusa. Ba a yanke wayoyin ba, kwance su aka yi. Notunan ƙarfen da ke riƙe batirin kuwa, ga su guda biyu an jera su a kan matakalar motar, don kada su ɓata.

"Wanda ya kwance wannan yana da niyyar mayarwa," ya ce.

Ya zagaya baya. Taku shida daga motar akwai wani dutse kamar kan mutum, gefensa ɗaya ya yi baƙi da gogar taya. A cikin ciyawa ya tsinci sifana, bakinta da ƙunar wuta sabuwa fil.

Ya ɗaga buhun ya dubi fuskar. Shi ma yana da 'ya'ya maza biyu, babban ya matsa sai an bar shi ya koyi tuƙi. Ya mayar da buhun a hankali.

Kafin magariba mutanen ƙauyen da ke kusa suka kawo wani mai gawayi, sunansa Hakim, ɗaure da igiya, baki a kumbure. An samu doya uku a ɗakinsa, da sifana irin wadda Sufeto ya tsinta.

"Ina ka samu doya?" in ji Mutawakil.

"Na saya, Massa."

"A wurin wa?"

"Wani mutum."

"Sifanar ma sayen ta ka yi? Gawayi kake ɗaurewa da ita?"

Hakim ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Massa, yara biyar a gida. Na zo na ga mutum ya mutu, doya yana nan, ba kowa. Shaiɗan ya shiga ni. Amma wallahi ban taɓa shi ba."

"Batirin fa?"

"Ban ga batir ba. In kai shi ina? Ko lantarki ba mu da shi."

"Sau nawa ka bi hanyar yau?"

"Biyu. Da safe na kai gawayi, na ga ƙaramin mota a wurin, tasi, mai ruwan ɗorawa a gefe. An sa mishi dutse a taya, bakinshi a buɗe. Motar doya bai zo ba lokacin. Da na dawo bayan azahar, tasi ba ya nan."

"Direban fa?"

"Yana kwance cikin mota. Ƙafa kawai na gani."

Aka kai shi ofis aka kulle a sel. Washegari shugaban ofis ya kira Mutawakil ya ce masa maganar ta isa Salaga, matasan unguwar Zango na cewa a ba su mai gawayin. Idan mako ya cika babu wani, Hakim za a kai kotu da tuhumar kisa.

Likitan da ya duba gawar bai ja magana ba.

"Ba duka ba ne. Ƙugunsa da cikinsa aka matse tsakanin ƙarfe biyu. Jini ya zuba ta ciki. Ga kuma ƙuna a tafin hannunsa na dama."

"Nan take ya mutu?"

"A'a. Ya kai awa ɗaya, ko fiye. Da an kawo shi, da mun gwada. Daga can zuwa nan minti ashirin ne."

Mutawakil ya fito ya tsaya a rana. Ya san yadda direbobin hanyar nan ke tayar da mota idan babu wayar jona batir. Mutum ya kwance nasa mai rai, ya ɗora kusa da mataccen, ya haɗa kawunansu da sifana biyu, ya tsaya a gaban motar yana dannawa da hannu, mai motar kuma ya murza makulli. Shi kansa an yi masa haka ya fi sau goma.

"Ba fashi aka yi masa ba," ya gaya wa Anisatu. "Taimako ya tsaya yi."

Ranar Laraba suka tafi Salaga, ranar addu'ar uku. Ya ajiye motar a gangaren bayan masallaci, suka ƙarasa da ƙafa.

Malam Zibrim, mahaifin mamacin, tsohon ɗan kasuwar doya ne, idonsa ya fara rauni. Yana zaune a zaure a kan buzu. A gefensa akwai wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar, yana gyara masa matashi, yana miƙa masa ruwa tun kafin ya nema.

"Wannan Ayyub ne, yayansa," in ji tsohon. "Maza biyu Allah ya ba ni, Sufeto. Uwarsu ta rasu. Yanzu wannan kaɗai ya rage ya sa ni a rami. An ce kun kama wanda ya yi?"

"Muna bincike, Baba. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Bincike na me kuma? An same shi da kayan yarona."

"Batirin muke nema. Akwai yadda za a gane shi?"

Tsohon ya yi wani guntun murmushi. "Ko ni da ba na gani sosai zan gane shi. An taɓa juya masa kawunan batir, wayoyin motarsa suka ƙone. Tun daga nan yake shafa wa kai ɗaya jan fenti. Kuma ya rubuta sunan 'yarsa a jiki. Nadiya. Komai nasa haka yake, a tsare."

Kofin da ke hannun Ayyub ya karkace, ruwa ya zuba a buzu.

"Ka gani?" in ji tsohon, ba tare da ya juya ba. "Shi kuwa wannan, ruwa ma sai ya zubar."

Mutawakil ya dubi Ayyub. "A ina kake zama?"

"Bawku. Tasi nake ja."

"Ranar Litinin kana ina?"

"Ina gida. Can aka kira ni. Jiya na iso a bas."

"Ba ka zo da motarka ba?"

"Tana wurin fita, mai gyaran mota. Mako guda ke nan ba ta motsa ba."

"Mota ce wannan?" tsohon ya katse shi. "Ba ta da birkin hannu. Dutse yake ɗauka a kujerar gaba kamar fasinja. Fadlullah ya yi magana har ya gaji."

"Wane fita?" in ji Mutawakil.

Ayyub ya ce, "Mahamudu. Bayan kasuwar dabbobi."

Da suka miƙe, wata yarinya 'yar shekara huɗu ta leƙo daga cikin gida, ta ruga ta maƙale a ƙafar Ayyub. Ya ɗora hannu a kanta, amma bai dube ta ba.

Hanyar Bawku ta cinye musu yini guda. Ranar Juma'a da safe suka shiga garejin Mahamudu, wani gajere mai ƙaton ciki, yana shan koko a gwangwani.

"Motar Ayyub? Ai ga ta can. Mako guda tana nan. A'a, ya fi."

"Me ya same ta?"

"Inji ne. Ƙananan abubuwa."

Tasi ce mai ruwan ɗorawa a gefe, an rufe gabanta da tsohuwar tampol. Anisatu ta yaye. Bonet ya lotsa, fitila ɗaya ta fashe.

"Injin ne ya fito ya yi mata wannan?"

"Jaki ya buge," in ji Mahamudu.

"Tana tsaye a garejinka mako guda, jaki ya shigo ta buge shi?"

Mahamudu ya ajiye gwangwanin.

Mutawakil ya ɗaga bonet da kansa. Ya yi fatan kada ya gani. Tun daga Gushegu yake wannan fatan. Amma ga shi nan, kai ɗaya ja wur, a jiki an rubuta da farin fenti, harafi ɗaya ya fi ɗaya girma: NADIYA.

"Massa, ni ban san komai ba," Mahamudu ya shiga rantsuwa. "Litinin da yamma ya kawo ta. Ya ce in an tambaya in ce ta daɗe. Ya zauna a ciki ya fi awa, hannu a sitiyari. Na ce masa lafiya, ya ce ciwon kai."

A but ɗin motar suka samu wani batir, matacce.

A hanyar dawowa Mutawakil bai yi magana ba har suka wuce Nakpanduri. Tsohon yake gani a kan buzu. Ya yi ta juya abin: hatsari ne, a rubuta direban ya gudu ba a san shi ba, a rufe fayil. Amma fayil ba zai rufu ba. Sunan Hakim ne a kai, da sifana, da doya uku.

"Massa, ka yi shiru."

"Ina lissafin gidan da zan rushe ne, Kofur. Dole sai ɗaya."

Ranar addu'ar bakwai suka koma Salaga. Wannan karon Mutawakil ya kai motar har ƙofar gidan, a kan shimfiɗaɗɗen fili, don kada ya ratsa taron jama'a da Ayyub a ƙasa. Ya jira aka shafa, mutane suka fara raguwa. Sannan ya shiga zaure, Anisatu na biye da shi da abu a cikin buhu.

"Baba, ina son magana da Ayyub a waje."

"Ka yi a nan. Babu abin da ya rage a gidan nan da ba zan iya ji ba."

Anisatu ta ajiye buhun ta zare shi. Malam Zibrim ya miƙa hannu, ya shafa kan batirin, ya kawo fuskarsa kusa da rubutun.

"Alhamdu lillahi. Kun samo. A ɗakin mai gawayin?"

Tsohon ya ɗago kai.

"Sufeto, tambayarka nake. A ina?"

"A motata, Baba," in ji Ayyub.

Tsohon bai ɗaga hannunsa daga batirin ba.

"Faɗi yadda aka yi," in ji Mutawakil. "Daga farko."

Ayyub ya zame daga tabarma ya zauna a ƙasa. Muryarsa ba ta rawa, kamar wanda ya daɗe yana maimaita maganar shi kaɗai.

"Shata aka ɗauke ni zuwa Yendi. Ina komawa motar ta mutu mini a hanya. Tun hantsi nake tare motoci, ba mai tsayawa. Sai ga Fadlullah. Ya sha gabana ya tsaya, ya fito yana dariya, ya ce, 'Yaya, yau ma?' Ya kwance batirinsa ya kawo. Ya tsaya a gaba ya danna sifana, ya ce in murza."

"Tana giya?"

"Kullum a giya nake barin ta, saboda birkin. Na janye dutsen da kaina, ina cewa yanzu za mu tafi. Na zura hannu ta taga na murza. Ko zama ban yi a ciki ba."

A waje wani yana tattara kujerun roba.

"Ta yi tsalle ta haɗa shi da bayan motarsa, ta mutu. Na cire giya na tura ta baya da hannu. Ya faɗi. Na zo ɗaga shi ya yi ƙara, ya ce kada in taɓa shi, in je in kawo motar asibiti. Na ce motar ba za ta tashi ba. Ya ce in ɗaura nasa batirin. Na rasa wane kai ne wane. Yana kwance yana gaya mini. 'Ja a kan ja, Yaya. Ja a kan ja. Ɗaure sosai.'"

Anisatu ta juya fuskarta ga bango.

"Ka je asibitin?" in ji Mutawakil.

"Na je har ƙofa."

"Ka shiga?"

"Na tsaya a ƙarƙashin bishiya. Na ce in na shiga za su tambaye ni wa ya buge shi. Daga nan za a kira Baba." Ya dubi ƙasa. "Shekara goma sha biyu da suka wuce na kifar da motar doyar Baba a hanyar Bimbila. A gaban 'yan kasuwa ya ce duk abin da hannuna ya taɓa sai ya lalace, wata rana sai na kashe mutum. Maganar nake ji. Na ce bari in huta minti ɗaya in shiga. Na ce bari wannan matar ta wuce. Na ji an kira azahar. Ban san yadda lokacin ya tafi ba, wallahi ban sani ba."

"Sai kuma?"

"Na sayi ruwa na koma. Na ce zan ɗauke shi ko yana ihu. Na tarar ya juya fuskarsa wajen Yendi. Idonsa a buɗe."

"Ka san akwai mutum a tsare saboda wannan?"

"Na sani."

"Tun Talata kana zaune a nan kana karɓar gaisuwa."

"Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa."

Malam Zibrim ya janye hannunsa daga batirin.

"Ya ambace ni?"

"Ya ce kada in gaya maka ni ne. Ya ce a ce birkin motarsa ne."

Tsohon ya gyaɗa kai sau da yawa. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Sufeto.

"Ɗana, kana da 'ya'ya?"

"Biyu, Baba. Maza."

"To ka san abin da zan roƙe ka."

"Na sani. Mai gawayin yana da biyar."

Tsohon bai sake roƙo ba.

Mutawakil bai sa ankwa ba. Anisatu ta kama hannun Ayyub suka fito, ta sa shi a kujerar baya. Mutanen da suka rage a ƙofar gida suka yi cirko-cirko. Daga cikin gida wata mace ta fasa kuka, wasu suka kama.

Mutawakil ya zauna, ya murza makulli. Motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake murzawa. Ko ƙas ɗin ba ta yi ba.

Babu gangare ko ta ina.

Wani maƙwabci direba, wanda bai gama fahimtar abin da ke faruwa ba, ya ruga gida ya dawo rungume da batir, sifana biyu a aljihu. Ya zagayo gaban motar yana cewa, "Massa, buɗe bonet, minti ɗaya ne."

"Kada ka tsaya a nan!" Ayyub ya yi wata ƙara daga baya, yana dukan kujera da hannu biyu. "Ka fita daga gaban motar! Ku fitar da shi!"

Mutumin ya ja da baya, batir a ƙirji.

Sai ga Malam Zibrim ya fito daga zaure, babu takalmi, yana laluben bango. Ya bi jikin motar da hannu har ya kai bayanta.

"Ku bar batirin nan," ya ce. "Turawa za a yi."

Babu wanda ya motsa. Ya ɗora tafukansa a kan but, ya sunkuya, ya tura shi kaɗai. Motar ba ta gusa ba. Ya sake turawa, hularsa ta faɗi. Sannan maza uku suka zo suka sa hannu a gefensa.

Mutawakil ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci. Motar ta fara mirginawa. Ya ɗaga ƙafa, ta yi tari, ta kama.

Ya san idan ya tsaya za ta mutu, don haka bai tsaya ba. A madubi ya ga sauran sun miƙe suna kakkaɓe hannu. Tsohon yana nan a tsakiyar hanya, a sunkuye, hannuwansa biyu a miƙe gaba, har suka sha kwana.